Delhi da Dharamsala, Kolkata da Darjeeling, ko Delhi da Leh: wace hanya ta fi dacewa da mai son ganin Himalaya?

Wanda ya yi niyyar zuwa Indiya yawon buɗe ido, ko wanda karatu ko fatauci ko rakiyar mara lafiya ya kai shi can har ya samu 'yan kwanaki na sarari, sau da yawa yakan so ya haɗa abu biyu a tafiya ɗaya: ya zaga babban birni ya ga tarihinsa, sannan ya hau duwatsun Himalaya ya ga garuruwan da mabiya addinin Buddha suka kafa gidajen sufayensu, waɗanda mutanen yankin suke kira gompa. Hanyoyin da aka fi bi uku ne. Akwai Delhi zuwa Dharamsala a jihar Himachal Pradesh, akwai Kolkata zuwa Darjeeling da Kalimpong a jihar Bengal ta Yamma, wadda wasu kan ƙara mata Gangtok ta jihar Sikkim, sannan akwai Delhi zuwa Leh a yankin Ladakh. A hoto dukkansu kamar ɗaya suke, domin ko'ina za a ga tutocin addu'a masu launi biyar da sufaye cikin jajayen mayafai da ƙanƙara a kan tsaunuka, amma idan aka taka ƙasa bambancin yana da girma, kuma ga mutumin da ya taso daga Kano ko Damagaram ko Kumasi akwai abubuwan da littattafan jagoran matafiya ba su cika kula da su ba, tun da ba dominmu aka rubuta su ba.

Ma'aunan zaɓi

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya kamata ya rinjayi sauran duka, shi ne tsayin wuri da abin da yake yi wa jiki. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, Jos tana wajen mita 1,200, dutse mafi tsayi a Najeriya kuwa, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. To, garin Leh yana kan mita 3,500, inda iskar da mutum yake shaƙa ba ta ba shi fiye da kimanin kashi biyu cikin uku na oksijin da zai samu a bakin teku. Wannan magana ta shafe mu fiye da yawancin baƙi, saboda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. Mai AS yakan rayu lafiya lau bai taɓa sanin yana da wani abu ba, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙarancin oksijin a kan tsauni, musamman idan ya haɗu da gajiya da ƙishirwa, yana iya toshe masa jijiyoyin saifa, ciwo ya taso masa farat ɗaya a gefen hagu na ciki. Mai cutar sikila kuwa, wato mai SS ko SC, haɗarinsa ya fi haka nesa ba kusa ba. Saboda haka gwajin rukunin jini da ganin likita su ne abin yi kafin a fara duba farashin tikiti.

Na biyu shi ne ƙarkon shiri, wato yadda tsarin tafiya zai iya tsayawa ba tare da damina ko zaftarewar ƙasa ko rufe hanya sun wargaza shi ba, da kuma yawan watannin da wurin yake karɓar baƙi a shekara. Na uku shi ne sauƙin isa, wanda ya haɗa da hanya da takardun izini, domin biza ta Indiya ba ita kaɗai ce ke buɗe kowane yanki na kan iyaka ba. Na huɗu kuɗi. Na biyar shi ne abinci da salla, sannan a ƙarshe abin da ido zai gani.

Akwai abubuwan da hanyoyin uku suka yi tarayya a kai, gara a faɗe su sau ɗaya. Indiya tana neman katin rigakafin shawara daga masu zuwa daga ƙasashenmu, kuma ba ta sassautawa. Jiragen da muka fi bi suna yada zango ne a Addis Ababa ko Doha. Kowane otal wajibi ne ya cika wa baƙo ɗan ƙasar waje takardar da ake kira fam ɗin C, shi ya sa wasu ƙananan masaukai ba sa karɓar baƙin waje gaba ɗaya, don haka a tabbatar kafin a biya. Wanda ya shiga da biza ta jinya ko ta rakiyar majinyaci kuma, ya fara tuntuɓar ofishin rajistar baƙi na FRRO kafin ya bar garin da asibiti yake.

Delhi da Dharamsala

Delhi birni ne da Musulmi ba zai ji baƙunta a cikinsa ba. Masallacin Jama Masjid, wanda Sarki Shah Jahan ya gina tsakanin 1650 da 1656, yana fuskantar Jar Ganuwa da shi ma sarkin ya gina, kuma a lungunan da ke kewaye da shi ana sayar da gasasshen nama da burodin tanderu har tsakar dare. Hasumiyar Qutb Minar, da aka fara wajen shekarar 1200, ta haura mita 72, sai kabarin Sarki Humayun da hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya, wanda ya rasu a 1325. Kuɗin shiga irin waɗannan wuraren tarihi ga baƙon waje yana kai wa rupi 600 kowanne, masallaci kuwa kyauta ne. Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda ya fara aiki a 2002, yana raba mutum da cinikin tasi da cunkoso. Matsalar Delhi yanayi ce: a Mayu da Yuni zafi yana wuce digiri 40, daga Nuwamba zuwa Janairu kuma hayaƙi da hazo suna lulluɓe birnin har su tayar wa mai asma da ciwonsa, su kuma jinkirta jirage. Bai kamata a ɓoye cewa baƙar fata yana fuskantar kallo da wani lokaci wulaƙanci a wasu unguwanni ba, kuma harin da aka kai wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida a Maris 2017 bai gushe daga zukata ba. Wuraren tarihi da rana ba su da matsala, yawon dare shi kaɗai a unguwar da ba a sani ba ne abin gudu.

Daga Delhi zuwa Dharamsala kusan kilomita 480 ne. Bas ɗin dare yana yin awa 10 zuwa 12, jirgin sama kuma yana sauka a filin Gaggal cikin ɗan fiye da awa ɗaya, sai dai ƙananan jirage ne kuma gajimare yakan hana su sauka. Abin da ake zuwa gani yana unguwar sama, McLeod Ganj, inda Dalai Lama na 14, jagoran addinin mabiya Buddha na Tibet, ya zauna tun 1960 bayan ya tsere daga Tibet a 1959, kuma a nan gwamnatin 'yan gudun hijirar Tibet take da mazauni.

Gine-ginen nan sababbi ne, na siminti, waɗanda masu gudun hijira suka yi da abin da ya sawwaƙa, saboda haka mai neman tsohon gini ba zai gamsu ba. Abin da Dharamsala take da shi ilimi ne mai rai. A farfajiyar gompar Namgyal, da yamma, sufaye sukan rabu biyu-biyu domin muƙabala: ɗaya yana zaune a ƙasa, ɗaya yana tsaye da carbi rataye a hannu, sai na tsaye ya jefa tambaya, ya ɗaga ƙafa ya buga ƙasa, ya tafa hannu da ƙarfi a gaban fuskar abokinsa, shi kuma na zaune ya amsa cikin natsuwa ba tare da ya duba littafi ba. Ko ba a jin harshen, ana gane lokacin da amsa ta kuɓuce wa mutum, domin sauran ɗalibai sukan matso su kewaye shi. Ƙasa da nan akwai ɗakin karatu da adana rubuce-rubucen Tibet da aka kafa a 1970, da cibiyar Norbulingka inda ake koyar da zane da sassaƙa da ƙira. Kada a gina tafiya a kan ganin Dalai Lama, domin an haife shi a 1935 kuma fitowarsa ta ragu.

Ta fuskar jiki, tsayin McLeod Ganj yana tsakanin mita 1,700 da 2,000 gwargwadon unguwa, wanda yawancin masu lafiya ba sa jin komai a kansa, sai mai son hawa tudun Triund, da ya haura mita 2,800. Ba a buƙatar wani izini bayan biza, kuma wannan ita ce hanya mafi arha cikin ukun. Rauninta biyu ne. Dharamsala tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar, ta yadda Yuli da Agusta ba lokacin zuwa ba ne. Sannan Musulmi 'yan kaɗan ne a Himachal Pradesh, kuma yawancin naman da ake sayarwa ba yankan Musulmi ba ne, don haka abin dogaro shi ne abincin ganye da wake da shinkafa, wanda yake da yawa kuma mai kyau, ko a tambayi 'yan kasuwar Kashmir da ke da shaguna a unguwar inda suke sayen nasu.

Kolkata da Darjeeling

Kolkata ita ce babban birnin Indiya a ƙarƙashin Turawan Birtaniya har zuwa 1911, kuma kamanninta na wancan zamanin ne: gidan tarihin Indiya da aka kafa a 1814, farin ginin tunawa da Sarauniya Victoria da aka buɗe a 1921, gadar Howrah ta 1943 wadda dubban mutane suke tsallakawa da ƙafa kullum, da titin College mai cike da rumfunan tsofaffin littattafai. Tarihin Musulunci a nan bai kai na Delhi girma a gine-gine ba, amma yana nan a raye a kewayen masallacin Nakhoda da titin Zakaria, inda abinci na halal yake ko'ina. Dafa-dukan shinkafa na birnin, biriyani mai dankali a ciki, ana danganta shi da fadar Wajid Ali Shah, sarkin Awadh da Turawa suka tuɓe a 1856 ya ƙare rayuwarsa a nan. Rayuwa a Kolkata ta fi ta Delhi arha, sai dai zafinta mai gumi ne, kuma a lokacin bikin mabiya addinin Hindu na Durga Puja, a Satumba ko Oktoba, otal da tikitin jirgi sukan yi wuya ƙwarai.

Hawa zuwa duwatsu daga nan yana zuwa ne a hankali, kuma wannan alheri ne ga jiki. Jirgin ƙasa na dare mai suna Darjeeling Mail yana tashi daga tashar Sealdah ya wayi gari a New Jalpaiguri bayan kimanin awa 10, ko a hau jirgin sama zuwa Bagdogra. Daga can motocin jif na haɗaka suna yin awa uku zuwa huɗu a kan hanya mai lanƙwasa cikin gonakin shayi. Akwai kuma ƙaramin jirgin ƙasa na 1881, mai layi kilomita 88 da faɗinsa ƙafa biyu kacal, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Bin layin gaba ɗaya yana cin fiye da awa bakwai, shi ya sa mafi yawan mutane suke wadatuwa da gajeren zagaye daga Darjeeling zuwa Ghum, tasha mai tsayin mita 2,258, a kan rupi 1,000 zuwa 1,500 gwargwadon ko kan jirgin na dizal ne ko na kwal.

Darjeeling tana kan kimanin mita 2,050, kuma fifikonta a kan Dharamsala shi ne Kanchenjunga, dutse na uku mafi tsayi a duniya, mai mita 8,586. Tun ƙarfe huɗu na asuba jif-jif suke jerin gwano zuwa tudun Tiger Hill. Mutane suna tsaye cikin duhu da sanyi mai ratsa ƙashi, mata suna zagayawa da fulas suna sayar da kofi a ƙananan kofuna, kowa ya zuba ido gabas yana jiran rana, alhali abin kallon yana arewa: kafin ranar ta fito, ƙololuwar dutsen ita kaɗai takan kama haske ja a sararin da har yanzu baƙi ne, sannan hasken ya gangaro a hankali ya koma ruwan zinariya. Mai salla ya yi alwala tun daga masauki, ya tuna kuma cewa alƙibla a Indiya yamma take, saɓanin abin da muka saba. Wannan kallo ba shi da tabbas, domin gajimare yana iya rufe shi kwana uku a jere. Daga tsakiyar Oktoba zuwa Disamba ne aka fi dacewa, sai Maris da Afrilu.

Gidajen sufayen nan sun fi na Dharamsala tsufa. Yiga Choeling a Ghum, wadda wani lama, wato malamin addinin Buddha, ɗan Mongoliya ya kafa a ƙarni na 19, tana da mutum-mutumin Maitreya, Buddhan da suke jiran zuwansa nan gaba, mai kusan mita biyar. Amma a nawa ra'ayin Kalimpong ce ta fi cancantar a kwana biyu a cikinta. Tafiyar awa biyu da rabi ce daga Darjeeling, tana kan mita 1,250 kawai, ba ta da cunkoso, kuma ita ce tsohuwar kasuwar fataken ulu na Tibet da ke bi ta mashigin Jelep La kafin yaƙin Indiya da Sin na 1962 ya rufe hanyar. Gompar Zang Dhok Palri da ke kan tudun Durpin, wadda Dalai Lama ya keɓe a 1976, tana ajiye da mujalladi 108 na nassosin Kangyur, wato tarin maganganun Buddha da harshen Tibet. Littattafan ba ɗinkakku ba ne, dogayen warƙoƙi ne a jere tsakanin alluna biyu, an naɗe su da ƙyalle, ta yadda duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu a gafaka zai gane wannan salon adana littafi nan take.

Ga abin da ya fi muhimmanci ga mai fasfo na Najeriya. Kamfanonin yawon buɗe ido sukan sayar da Darjeeling da Gangtok a dunƙule, domin tafiyar awa huɗu ce tsakaninsu, kuma Sikkim tana da gompar Rumtek, mazaunin Karmapa na 16, shugaban wata ɗariƙa ta mabiya Buddha na Tibet, wadda aka kammala a 1966, da Enchey ta 1909, da Pemayangtse ta 1705. Sikkim, wadda ta shiga tarayyar Indiya a 1975, yanki ne da baƙon waje ba ya shiga sai da izini na musamman. Yawancin baƙi suna samunsa cikin sauƙi, amma ƙa'idojin da hukumomin jihar suka daɗe suna wallafawa sun sa Najeriya cikin 'yan ƙasashen da sai ma'aikatar harkokin cikin gida ta Indiya ta amince tukuna daga Delhi. Wanda ya biya otal a Gangtok ba tare da wannan amincewa ba, a shingen Rangpo tafiyarsa za ta tsaya. Darjeeling da Kalimpong kuwa suna Bengal ta Yamma, ba sa buƙatar komai.

Ƙarkon wannan hanya matsakaici ne. Daga Yuni zuwa Satumba ƙasa tana zaftarewa, kuma ambaliyar kogin Teesta ta Oktoba 2023 ta lalata babbar hanyar da ke zuwa Kalimpong da Sikkim, wadda tun daga lokacin ake yawan rufe ta da damina. Akwai kuma siyasar masu neman a ba yankin Darjeeling jiharsa mai suna Gorkhaland, wadda ta kai ga yajin aikin kwana 104 a 2017. Naman alade yana da yawa a abincin duwatsun, musamman cikin curin fulawa da ake turarawa mai suna momo, don haka a tambaya kafin a ci. Sai dai Darjeeling tana da tsohuwar al'ummar Musulmi da masallacin Juma'a kusa da babbar kasuwa, da gidajen abincinsu.

Delhi da Leh

Idan gidajen sufaye ne maƙasudin tafiya, babu wanda ya kama ƙafar Ladakh. Gompar Thiksey, kilomita 19 daga Leh, hawa 12 ce a jikin tudu, da mutum-mutumin Maitreya mai mita 15, kuma ana barin baƙi su zauna a gefe lokacin karatun safiya, yara sufaye suna zagayawa da butoci suna zuba shayi mai gishiri da man shanu. Hemis, ta ƙarni na 17, ita ce mafi dukiya, kuma bikinta na rawar rufe fuska yana zuwa a Yuni ko Yuli. Alchi tana da zanen bango da ya kusa shekara dubu, irin wanda kaɗan ne suka rage a duk faɗin Himalaya. Ƙasar kanta hamada ce a kan tsauni, ba itace sai a bakin kogin Indus da sauran koguna.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Leh ce ta fi sauran garuruwan duwatsu sauƙi ga Musulmi. A ƙidayar 2011 Musulmi ne suka fi yawa a Ladakh, kashi 46 cikin ɗari, mabiya Buddha kuma kusan kashi 40. Masallacin Juma'a na Leh, wanda aka fara ginawa a 1666 zamanin Sarki Deldan Namgyal bisa yarjejeniya da Aurangzeb, sarkin daular Mughal ta Indiya, yana bakin babbar kasuwa, ƙarƙashin fadar sarakuna mai hawa tara. A lungun da ke bayansa masu burodi suna zaune a gaban tanderu tun asuba, suna manna ƙullu a jikin bango suna zaro shi da ƙugiya, sufi da mai fitowa daga masallaci suna layi ɗaya suna jiran nasu.

Farashin wannan duka jiki ne yake biya. Jirgi daga Delhi bai kai awa ɗaya da rabi ba, wato mutum yana tashi daga kusan mita 200 ya sauka a 3,500 kafin jininsa ya san abin da ake ciki. Hukumar Leh ta wajabta wa mai zuwa ta sama hutun awa 48 kafin ya hau gaba, kuma ciwon kai da rashin barci da tashin zuciya a daren farko abu ne da aka saba gani. Idan numfashi ya yi wuya a kwance, ko tafiya ta koma tangaɗi, ko hankali ya fara rikicewa, magani shi ne asibiti da sauka ƙasa ba tare da jira ba. Wuraren da ake tallatawa sun fi Leh tsayi: mashigin Khardung La mita 5,359 ne, tafkin Pangong kuma ya haura mita 4,200. Su ma suna buƙatar izinin yankin kan iyaka, wanda baƙon waje yake samu ta hannun kamfanin da ke da rajista a Leh. Mai lokaci zai iya shigowa ta mota daga Srinagar, kwana biyu da zango a Kargil, wanda yake ba jiki damar sabawa.

Kuɗi ma ya fi yawa, domin tikitin jirgi yana tashi a Yuni da Yuli, kuma ƙungiyar direbobin tasi ta Leh tana da tsayayyen farashi, ba ta barin motar haya ta wani gari ta yi yawon cikin yanki. Layin waya na kati da aka saya a wata jiha ba ya aiki a nan. Lokacin zuwa gajere ne, Yuni zuwa Satumba, amma a cikinsa shiri yana da ƙarko, saboda duwatsu suna tare damina, ta yadda Ladakh take buɗe daidai lokacin da sauran biyun suke cikin ruwa. A duba labarai kafin tafiya, domin zanga-zangar neman a ba Ladakh matsayin jiha ta Satumba 2025 ta jawo asarar rayuka da dokar hana fita.

| Ma'auni | Delhi da Dharamsala | Kolkata da Darjeeling | Delhi da Leh |
|---|---|---|---|
| Tsayi | Mita 1,700 zuwa 2,000 | Mita 2,050. Kalimpong 1,250 | Mita 3,500 zuwa sama |
| Kuɗi | Mafi arha | Matsakaici | Mafi tsada |
| Lokaci mai kyau | Maris zuwa Mayu, Oktoba da Nuwamba | Maris da Afrilu, Oktoba zuwa Disamba | Yuni zuwa Satumba |
| Isa | Bas na dare ko ƙaramin jirgi | Jirgin ƙasa ko na sama, sannan jif | Jirgin sama, ko mota kwana biyu |
| Izini bayan biza | Babu | Babu, sai Sikkim | Sai Khardung La da Pangong |
| Babban haɗari | Ruwan sama, hayaƙin Delhi | Zaftarewar ƙasa, yajin aiki | Ciwon tsauni |
| Halal da masallaci a kan dutse | Da wuya | Ana samu | Da sauƙi |
| Mafi ƙarancin kwanaki | 6 | 8 | 9 |

Wa ya dace da wace hanya

Wanda yake Delhi tun asali, kuma kwana uku ko huɗu ne kawai suka rage masa, Dharamsala ce tasa, domin zai iya hawa bas da dare ya dawo ba tare da neman takarda ko kashe kuɗi mai yawa ba. Ita ce kuma ta dace da ɗalibi ko malamin da yake son ya ga yadda ake karatu da muƙabala a wata al'ada, ya kuma ji tarihin hijirar mutanen Tibet daga bakin 'ya'yansu.

Mai zuwa karo na farko, musamman da iyali ko da dattijo, ni Kolkata da Darjeeling da Kalimpong zan zaɓa masa, a Nuwamba ko Maris. Birnin yana da arha da abincin halal, hawan yana zuwa mataki-mataki, ana ganin babban dutse na gaske, kuma idan sanyi ko tsayin Darjeeling ya dami wani, Kalimpong tana kusa kuma tsayinta bai wuce na Jos da yawa ba. Mai fasfo na Najeriya ya cire Gangtok daga lissafi, sai idan ya nemi amincewa tun yana neman biza kuma ya riƙe ta a rubuce.

Leh ta mutum ce mai lafiya, wanda ya san rukunin jininsa, yake da aƙalla kwana tara da kuɗin da zai ishe shi, kuma hutunsa ya faɗo tsakanin Yuni da Satumba. Mai AS da ya ƙuduri zuwa ya fara samun izinin likita, ya shigo ta hanyar Srinagar, ya tsaya a gidajen sufayen kwarin Indus, ya bar Khardung La da Pangong. Mai SS ko SC, da mai ciwon zuciya ko huhu, da mai juna biyu, da wanda bai daɗe da tashi daga tiyata ba, kada su hau Leh. Idan likita ya yarda musu da hawa kaɗan, Kalimpong ta wadatar, idan kuma bai yarda ba, unguwar 'yan Tibet ta Majnu ka Tilla tana cikin Delhi a bakin kogin Yamuna, da ƙaramar gompa da kasuwa, kuma jirgin cikin birni yana kai mutum kusa da ita ta tashar Vidhan Sabha.